A Ina Ya Dace a Gina Tashoshin Cajin Motocin Lantarki a Kan Babbar Hanya?

"Malam injiniya, barka da aiki. Ina cikin wani kwamiti da aka ɗora wa nauyin ba da shawara a kan wuraren da za a gina tashoshin cajin motocin lantarki a wata babbar hanya mai tsawon kusan kilomita 600, wadda ta haɗa manyan birane biyu. Kuɗin da aka ware ba zai wuce na tashoshi shida ba. Wasu daga cikinmu sun ce a shimfiɗa taswira a raba hanyar daidai wa daida, wasu sun ce a bi gidajen man da ke akwai, wasu kuwa kowa yana jan tasha zuwa garinsu. Da wane ma'auni ake zaɓar wuri?"

Barka kadai, ɗan'uwa, na kuma gode da wannan tambaya. Idan na fahimce ka, kuna da hanya doguwa da kuɗi kaɗan, kuma kuna neman ma'aunin da za ku iya tsayawa a kansa gaban kowa, ku ce ga dalilin da ya sa muka zaɓi nan muka bar can. Abin da shekarun da na yi ina duba filaye da lissafin wuta suka koya mini shi ne cewa taswira tana iya nuna maka yankin da tasha za ta faɗa, wato tazarar kilomita ashirin ko talatin, amma ainihin filin da za a haƙa, layin wuta ne da ɗabi'ar matafiya suke zaɓarsa. Saboda haka duka ra'ayoyin nan uku da kuke ja-in-ja a kansu kowanne yana riƙe da wani yanki na gaskiya, sai dai akwai wanda ya kamata ya zo farko da wanda zai biyo baya.

Tazarar da mota za ta iya jurewa

Ana fara lissafi ne daga motar da ta fi rauni a cikin waɗanda za su bi hanyar, domin ita ce za ta maƙale idan aka yi kuskure. Mu ɗauki mota mai batir da ke ɗaukar kilowat-awa 50 (kilowat-awa shi ne ma'aunin yawan wutar da batir yake riƙewa). A gudun babbar hanya, irin wannan mota tana cin kusan kilowat-awa 20 a kowane kilomita 100, wato cikakken batir zai kai ta kilomita 250. Amma matafiyi ba ya amfani da cikakken batir. Caji mai sauri yana raguwa sosai da zarar batir ya kai kashi 80 cikin 100, har ya zama cike ragowar kashi 20 ɗin yana iya cin lokaci kusan daidai da wanda aka ɓata tun daga farko, shi ya sa yawancin direbobi suke cire kebul a nan su kama hanya. Haka kuma babu mai son ya isa tasha ta gaba da abin da bai kai kashi 10 ba. Abin da ya rage a tsakani shi ne kashi 70, wato kilomita 175. Idan batirin ya kwana biyu ya rasa kashi 10 na ƙarfinsa, sannan aka haɗu da tsananin sanyi ko iska mai bugowa ta gaba ko kaya masu nauyi suka ci wani kashi 20, sai ka ga an dawo kusan kilomita 125.

Gudu ma yana da nasa rabo. Turjiyar iska ba ta ƙaruwa daidai da ƙarin gudu, tana zarce shi nesa: wanda ya tashi daga kilomita 100 a awa zuwa 120 ya ƙara wa motarsa turjiya da kashi 44 cikin 100. Wannan ne ya sa nisan da kamfanoni suke rubutawa a takardar mota, wanda aka auna da haɗin tuƙin gari da na waje, ba ya aiki a hanyar da ake sakin mota.

Yanzu sai a ƙara tambaya ɗaya, wadda ita ce ginshiƙin lamarin: idan direba ya iso tasha ya tarar ba ta aiki, zai iya kaiwa ta gaba? Idan ana son amsar ta zama e, dole a raba kilomita 125 ɗin nan gida biyu, sai a samu kusan 60. Ƙasashen da suka riga suka kafa doka a kan wannan sun tsaya a kusa da nan. Tarayyar Turai, a dokar da ta zartar a 2023, ta ce a samu wurin caji mai sauri a kowane kilomita 60 na manyan hanyoyinta, a kowane ɓangaren tafiya, mai jimillar ƙarfin da bai gaza kilowat 400 ba zuwa ƙarshen 2025, sannan 600 zuwa ƙarshen 2027. Amurka ta ware dala biliyan 5 a dokar ababen more rayuwa ta 2021 domin shirin da ake kira NEVI, kuma ƙa'idar da shirin ya fara da ita ita ce tasha a kowane mil 50, wato kusan kilomita 80, wadda ba ta wuce mil ɗaya daga hanya ba, mai aƙalla bakin caji huɗu, wato wuraren da mota take jona kebul, kowanne yana iya ba da kilowat 150 a lokaci guda. Norwe, wadda kusan kashi 89 cikin 100 na sababbin motocin da aka sayar a cikinta a 2024 na lantarki ne zalla, ta fara ne da tallafa wa gina cajojin sauri a kowane kilomita 50 na manyan hanyoyinta.

Ku kuwa, tashoshi shida a kilomita 600 za su ba ku tazarar kusan kilomita 86 idan aka raba daidai, kuma idan ɗaya ta mutu giɓin ya zama 170, wanda ya fi ƙarfin waccan ƙaramar mota a ranar da yanayi bai yi kyau ba. Wannan bai rushe shirinku ba. Yana nufin cewa tunda ba ku da yawan tashoshin da ɗaya za ta rufa wa ɗaya asiri, dole kowace tasha ta zama mai wuyar mutuwa gaba ɗaya, kuma wannan sharaɗi zai shiga cikin zaɓen kowane fili.

Dalilin da ya sa rabon daidai wa daida ba ya isa

Masu cewa a raba hanya daidai suna ɗauka cewa buƙata a shimfiɗe take iri ɗaya daga farko har ƙarshe, alhali ba haka take ba. Mai motar lantarki yakan bar gida da cikakken batir, domin ya yi caji da dare. Tashar da ke kilomita 85 daga birni zai wuce ta bai ko waiwaya ba, sai ya kai tsakanin kilomita 150 da 250 sannan ya fara neman inda zai tsaya. Masu tahowa daga ɗayan birnin su ma haka. Sakamakon shi ne buƙata tana taruwa a tsakiyar hanya, inda masu zuwa da masu dawowa suke haɗuwa da batir a ƙasa, kuma sau da yawa nan ne wurin da ya fi ƙarancin jama'a da raunin layin wuta. Tashoshin da ke kusa da birane suna da nasu amfani, musamman ga wanda ya iso da ragowar caji kaɗan kuma ba shi da wurin caji a masaukinsa, amma irin waɗannan 'yan kasuwa sukan gina su da kuɗinsu tunda akwai ciniki. Idan kuɗin da ke hannunku na gwamnati ne, ni a ganina ya fi dacewa ya tafi inda ɗan kasuwa ba zai je da kansa ba.

Masana tsara sufuri sun daɗe da gane wannan bambanci. Tun a 1990 Hodgson ya nuna cewa akwai wuraren hidima da ba a auna su da yawan mazauna kewaye, sai da yawan masu wucewa, sannan a 2005 Kuby da Lim suka faɗaɗa wannan tunani zuwa ga motoci masu gajeren zango, inda suka nuna cewa tafiya ba ta samun biyan buƙata sai jerin tashoshin gaba ɗaya ya isa ya kai mota ya dawo da ita. A aikace, abin da wannan yake nema daga gare ku shi ne ku san inda motoci suke shiga hanyar da inda suke fita. Mahaɗar da wata babbar hanya ta ratsa taku tana da daraja ninki biyu, domin tasha ɗaya a nan za ta yi wa hanyoyi biyu aiki. Kuma idan rabin motocin suna ratsewa a kilomita 200 zuwa wani gari, to lissafin tsakiyar hanya ya canja ke nan.

Akwai kuma tudu da gangara, waɗanda taswirar takarda take ɓoyewa. Ɗaga mota mai nauyin tan 2 zuwa tsayin mita 1,000 yana cin kusan kilowat-awa 6, daidai da tafiyar kilomita 30 a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa. Inda hanya take hawa dutse, a sa tasha a gindin hawan ya fi a sa ta a ƙololuwa. Dalili na farko a bayyane yake. Na biyu kuwa shi ne motar lantarki tana mayar da wuta cikin batir yayin gangarowa, kuma batirin da aka cika a saman dutse ba shi da wurin karɓar wannan wuta, sai nauyin tsayar da motar ya koma kan birki kaɗai.

Wutar da za ta ciyar da tashar

A nan ne nake so ku fi daɗewa, domin a nan ne yawancin ayyukan da na gani suka yi tuntuɓe. Tasha mai bakin caji takwas na kilowat 150 tana iya jan kilowat 1,200 idan duka suna aiki, wato fiye da megawat ɗaya, abin da ƙaramar masana'anta take ci. Layin da ke kai wuta gidaje da shaguna ba zai ɗauki wannan ba. Ana buƙatar a jona da layi mai matsakaicin ƙarfi, irin na kilobolt 11 ko 33, a kafa wa tashar taransifomarta, kuma a tabbatar cewa tashar rarraba wutar da layin ya fito daga cikinta tana da sauran sarari. Gidan mai na yau da kullum wutar fitilu da famfuna da firji kawai yake ja, saboda haka kasancewar akwai wuta a wurin ba ya nuna cewa akwai irin wutar da kuke nema. Wannan ita ce amsata ga masu cewa a bi gidajen mai: wurin yana iya dacewa ta fuskar shiga da fita da banɗaki da tsaro, amma sai an tambayi kamfanin rarraba wuta tukuna.

Na taɓa aiki a kan wani fili da kowa ya yaba, a daidai tsakiyar hanya, ga faɗi, ga wurin cin abinci da matafiya suka saba tsayawa. An kammala zane, an yi odar na'urori, sannan aka aika wa kamfanin wuta takarda. Amsar da ta dawo ita ce layin da ya ratsa wurin ya riga ya cika, kuma sai an ja sabo daga nesa, aikin da kuɗinsa ya fi na cajojin kansu, lokacinsa kuma ya fi shekara. Daga baya muka koma wani fili da ke gaba kaɗan, kusa da tashar rarraba wuta, wanda ba shi da kyan gani kamar na farko, amma aka jona shi cikin 'yan watanni. Na'urorin da aka saya sun yi zaman jira a sito duk tsawon wannan lokaci, garantinsu yana tafiya. Tun daga ranar ban ƙara barin a zana komai ba kafin in ga amsar kamfanin wuta a rubuce. Wannan matsala ba ta ƙananan ƙasashe kaɗai ba ce. Ingila ta sa wa kanta burin samun aƙalla manyan cajoji shida a kowane wurin hutawa na manyan hanyoyinta zuwa ƙarshen 2023, ba ta cim ma burin a kan lokaci ba, kuma jinkirin jona wuta yana cikin manyan dalilai.

Shawarata ita ce ku juya tsarin aikin. Bayan kun fitar da yankuna shida a taswira, ku nemi wurare biyu ko uku a kowane yanki, ku kai wa kamfanin rarraba wuta jerin gaba ɗaya, ku tambaye shi abu uku game da kowanne: nawa ne ƙarfin da zai iya bayarwa yau, nawa zai iya bayarwa nan da shekara biyar, kuma sau nawa layin yake ɗaukewa a shekara. Tambaya ta uku ita ce aka fi mantawa. Layin da ya yi tafiya mai nisa cikin daji kafin ya iso, iska da bishiyoyi da tsawa suna yawan kayar da shi, kuma ƙarfin wutar yakan faɗi a ƙarshensa. Ku kuma tambayi yadda ake lissafin kuɗin wuta, domin a wurare da yawa ana cajin babban mai amfani ne bisa mafi girman ƙarfin da ya ja a wata, ko da na minti goma sha biyar ne. Tashar da motoci kaɗan suke zuwa amma wata rana huɗu suka haɗu lokaci guda tana iya biyan kuɗin da cinikinta bai kai ba.

Inda layin ya yi rauni kuma babu yadda za a kauce wa wurin, akwai mafita biyu. Ta farko ita ce a girke babban batir a tashar, ya riƙa tsotsar wuta a hankali dare da rana, ya saki da ƙarfi idan mota ta zo. Wannan yana aiki sosai a wurin da motoci suke zuwa jefi-jefi, amma ranar cunkoso batirin yana ƙarewa, caji ya koma tafiyar hawainiya. Ta biyu ita ce farantan hasken rana, kuma a nan ina roƙon ku yi lissafi kafin ku yi alkawari. Mota 100 a rana, kowace ta sha kilowat-awa 40, jimilla 4,000 ke nan. A ƙasa mai rana sosai, kowane kilowat na faranti yana ba da kilowat-awa 4 zuwa 5 a yini, saboda haka ana buƙatar farantai na kusan megawat ɗaya, da fili fiye da hekta guda, da batirin da zai riƙe wutar zuwa dare. Rumfar faranti da ake ɗorawa a kan wurin ajiye motoci tana ba da inuwa mai amfani, tana kuma rage kuɗin fitilu, amma ba za ta ciyar da cajojin sauri ba. A Yammacin Ostareliya, inda aka shimfiɗa jerin tashoshi a hanyoyi masu tsawon kusan kilomita 7,000, wasu wuraren da ke nesa da layin wuta an haɗa musu farantai da batir da janareta na ko-ta-kwana, kuma hakan ya yiwu ne saboda motocin da ke bi ba su da yawa.

Tasha babba ɗaya ko ƙanana biyu

Masu jan tasha zuwa garinsu sukan kawo sulhu cewa a rage girman kowace tasha a ƙara yawansu, kowa ya samu. Ina ba ku shawara ku yi taka-tsantsan da wannan sulhu. Mota ɗaya tana riƙe bakin caji kusan rabin awa idan aka haɗa da shiga da biya da fita. A ce a awar da ta fi cunkoso motoci shida ne suke tsayawa, wato a matsakaici baki uku suna cikin aiki. Lissafin layin jira, wanda injiniyan Denmak Erlang ya ƙirƙiro domin layukan tarho fiye da shekara ɗari da suka wuce, yana nuna cewa idan tashar tana da baki huɗu, kusan rabin masu zuwa za su tarar da layi, idan kuwa shida ne, mutum ɗaya cikin goma ne kawai zai jira. Haka kuma idan aka haɗe tashoshi biyu masu baki huɗu-huɗu suka zama ɗaya mai takwas, da jimillar motocin da suke zuwa tashoshin biyu, masu jira suna raguwa daga rabi zuwa kusan kashi ɗaya cikin uku, ba tare da an ƙara ko na'ura ɗaya ba. Dalilin shi ne motoci ba sa zuwa a jere kamar an tsara su, sukan zo a tare sannan a yi shiru, kuma babbar tasha ta fi iya shanye wannan.

Ga kuma batun lalacewa. Ƙa'idar Amurka ta nemi kowane bakin caji ya yi aiki kashi 97 cikin 100 na lokaci, abin da yake kama da kamala, amma idan ka lissafa kwana 11 ne a shekara ba ya aiki. Tasha mai baki biyu da ɗaya ya lalace ta rasa rabin ƙarfinta, mai shida kuwa ba za a ji sosai ba. Saboda haka ni ba na goyon bayan a gina abin da bai kai baki huɗu ba a babbar hanya, kuma a tashoshi biyu na tsakiya zan so a fara da shida ko takwas. Kada kuma duka bakunan su rataya a kan akwatin wuta guda, domin idan shi ya tsaya duka sun tsaya.

A tsara filin da tunanin gobe. Haƙa rami da zuba kankare da shimfiɗa bututun kebul su ne aikin da ya fi wahalar maimaitawa, saboda haka a binne bututun da zai isa ninki biyu ko uku na abin da za a girka yau, a bar wurin taransifoma ta biyu. Filin da ba shi da wurin faɗaɗawa, ko da ya fi arha, zai tilasta muku sake neman wani bayan 'yan shekaru.

Abin da ƙafa take gani

Bayan tazara da wuta, sauran abubuwan sai an je wurin. Mai caji zai zauna minti ashirin zuwa arba'in, saboda haka yana buƙatar banɗaki mai tsabta, da inuwa, da abin sha, da haske da dare, da mutane a kusa. Ni nakan ziyarci kowane fili sau biyu, da rana da kuma bayan ƙarfe goma na dare, in tambayi kaina ko mace mai tafiya ita kaɗai da yara za ta yarda ta tsaya a nan. Idan amsar a'a ce, filin ya faɗi, kome kyan layin wutarsa. Wurin da babu kowa kuma shi ne inda ake yanke kebul saboda tagullar da ke ciki. Ku duba ko sabis na waya yana kamawa, domin na'urar biyan kuɗi da sa ido daga nesa duka a kansa suka dogara. Ku duba alamun ruwa a bango da bakin kwalbati, ku tambayi waɗanda suka daɗe a wurin inda ambaliya take kaiwa, domin kayan lantarki masu wannan ƙarfi ba a kafa su a kwari. A wuri mai zafi, rumfa tana kare na'urar kanta, tunda caja da batir duka suna rage gudu idan suka yi zafi.

Idan hanyar tagwaye ce mai shinge a tsakiya, ku lura da yadda mai tahowa daga ɗaya ɓangaren zai shigo. Tashar da sai an yi tafiyar kilomita goma kafin a samu wurin juyawa, rabin matafiya kawai take yi wa aiki. Mafi sauƙi shi ne a sa ta a mahaɗa mai gada, inda ɓangarorin biyu suke iya fita. Sannan a tabbatar da takardun fili da yarjejeniyar haya mai tsawo, shekara goma sha biyar ko ashirin, wadda ta ba da damar shiga dare da rana.

Manyan motocin kaya suna da nasu lissafi. A Turai doka ta wajabta wa direba hutun minti 45 bayan tuƙin awa huɗu da rabi, kuma a kan wannan hutu ake tsara cajinsu, da na'urori masu ƙarfin da ya kai megawat ko fiye ga mota ɗaya. Da kuɗin tashoshi shida ba za ku iya ɗaukar wannan yanzu ba, amma a tsakiyar hanya ku zaɓi filin da tirela za ta iya shiga ta fita ba tare da ja da baya ba, kusa da layin da za a iya ƙara wa ƙarfi.

Yadda zan jera su da a hannuna aikin yake

Zan fara da biyu na tsakiya, a wajajen kilomita 250 da 350, in ba su kaso mafi girma na kuɗi da mafi yawan bakuna, in kuma yi ƙoƙari su sha wuta daga layuka daban-daban domin kada ɗaukewar wuta ɗaya ta kashe su tare. Sai biyu a wajajen kilomita 170 daga kowane birni, inda ƙananan motoci suke fara neman caji. Biyun ƙarshe, masu baki huɗu-huɗu, za su zauna a wajajen kilomita 90 daga kowane gefe, kuma su ne zan jinkirta idan kuɗi ya gaza, ko in bar wa 'yan kasuwa idan akwai mai sha'awa. Kowace lamba a nan tana iya matsawa kilomita goma sha biyar gaba ko baya domin ta faɗa a kan mahaɗa ko tashar rarraba wuta ko garin da matafiya suka saba yada zango, muddin babu giɓin da ya wuce kilomita 100. Ta haka masu son garinsu ya samu suna da hanyar shiga: garin da ya faɗo cikin yankin, yake da wuta da fili da tsaro, ya cancanta, wanda bai faɗo ba kuwa akwai dalilin da za a nuna masa a rubuce.

Wannan jeri na gina shi ne a kan misalin mota mai kilowat-awa 50 da hanya shimfiɗaɗɗiya, kuma shawara daga nesa iyakarta ke nan. Ƙidayar motoci ta mako guda a ranakun aiki da ta lokacin bukukuwa, da nau'in motocin lantarkin da aka fi saya a yankinku, da amsar kamfanin wuta, kowanne yana iya matsar da tasha daga inda na sa ta. Hasashen yawan motocin lantarki nan da shekara goma kuwa abu ne da yake saurin tsufa, shi ya sa na fi dogara da barin wurin faɗaɗawa fiye da dogara da lamba ɗaya. Kafin ku sa hannu a kan kowane fili, ku ware kuɗin gyara da kayan canji na aƙalla shekara biyar a cikin kasafin, ku kuma rubuta a yarjejeniya awa nawa mai gyara zai ɗauka kafin ya iso tashar da ta fi nisa.